Falmaran Mai Ido da Fitila

Litinin, 7 ga Yuli, 2025
Yau saura ƙiris motar ɗaga kaya ta take Rahamatu a bakin sito. Auwalu direba ya yi ta danna hon, ita kuwa kurma ce, tana cikin kuramen da kamfani ya ɗauka aikin shirya bokitan roba. Allah Ya tsare. Manaja ya ce tunda ni ke zana alamomin masana'anta, in zana wadda za a buga a bayan falmaran ɗin aikinsu, direba ya gani tun daga nesa. Sau biyu ya maimaita kafin na kama. Na ce ƙarar inji ce.

Talata, 8 ga Yuli
Ba ƙarar inji ba ce. Kunnen hagu ya daɗe da tafiya, na dama ma ya fara ɗaure kaya. Ko Sauda matata ban faɗa wa ba. In manaja ya ji, wa ya san abin da zai biyo?

Alhamis, 10 ga Yuli
Na ɗauko wata alama ta intanet: kunne da layi a gicciye. Rahamatu ta duba, ta ja ni har gaban alamar hana shan taba, ta nuna layin, ta nuna kanta. Wato tana nufin: mu ma an hana mu ke nan? Na janye zanen. Ita ta yi ta dariya.

Asabar, 12 ga Yuli
Yau na sha kunya. Na zana hannu a buɗe, yatsu biyar a ware, wai alamar maganar hannu. Na manna a bayan wani don gwaji, sai ga Auwalu ya diro daga mota yana huci: "Malam Muntari, me uwata ta yi muku da sassafe?" Daƙuwa na zana, da hannuna, ni haifaffen Panshekara! Duk sashen sai da ya kwanta don dariya. Na gode Allah da ba a kai wurin bugawa ba.

Talata, 15 ga Yuli
Ruwa tun asuba, titin Challawa ya zama kogi.

Juma'a, 18 ga Yuli
Bayan masallaci na zauna da su Rahamatu a gindin darbejiya, da fensir da kwali. Rahamatu ta rubuta mini: kar ka zana abin da ba mu da shi, zana abin da direba zai yi. Nan muka tsaya a kan ido da fitila. In ka ga wannan, bar hon, kunna fitila. Sun koya mini "sannu" da "na gode" da hannu, suna tsokanata wai yatsuna kamar na mai kirɓa fura. Rabon da in yi hira ban gaji da miƙa wuya don in ji ba, har na manta. Wallahi na ji daɗi.

Litinin, 21 ga Yuli
An kawo falmaran. Sun yi kyau, alhamdulillahi. Na sa ɗaya don in ga ko zanen ya zauna daidai a baya, shi ke nan.

Laraba, 23 ga Yuli
Har yau tana jikina, aiki ya yi yawa ban samu mayarwa ba. Da rana ina tsallaka bakin sito sai na ga haske yana wasa a bango gabana. Na juya, Auwalu ne da lodi, dab da ni. Ban ji zuwansa ba ko kaɗan. Na fara cewa ai gwaji nake, ya leƙo, ya saita fuskarsa da tawa, ya ce a hankali: "Malam, ai tun bara muke zagayowa ta damarka in za mu yi maka magana. Ka bar ta a jikinka."

Na ɗaga hannu na yi masa "na gode". Yau da daddare zan zauna da Sauda.