A Faɗa wa Masu Ta'aziyya Sunan Ciwona

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Ni ne Jelani mahauci na Gawon Nama, kuma wannan wasiyyata ce ga 'ya'yana Bilyaminu da Sadiya da Saifullah. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana gagarata, amma hankalina garau yake. Kada wani ya ce muku zafin ciwo ne ke magana.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba shi, ku kira malami ku bi abin da ya ce. Wuƙaƙena da teburin kasuwa a sa su a rabon Bilyaminu in kun yarda, shi kaɗai ya iya riƙe wuƙa ba kamar mai yanka albasa ba. Uwarku Atika kada a tashe ta daga ɗakinta.

Na biyu. Ƙanena Ashafa ba zai yi mini wanka ba, ba zai kama makarata ba, ba zai shiga kabarina ba. Kun san rabin dalili, ga sauran.

Kuna ƙanana ciwon daji ya fito mini a wuya da ƙirji. Aka gasa wurin da na'ura a asibiti, Allah ya ba ni lafiya. Dangi suka taru suka ce a rufe maganar, domin gidan da aka ji yana da daji ba a neman 'ya'yansa da aure. Muka sa masa suna ciwon sanyi. Shekaru suka shuɗe, sai ƙofar da jini ke bi a zuciyata ta fara yoyo, aka tura ni ƙasar waje a gyara ta. Ba na jin Turanci, don haka na tafi da Ashafa ya zama bakina da kunnena.

Likita ya tambaya ko na taɓa yin daji, ko an taɓa gasa mini ƙirji. A ɗakin akwai wani attajiri ɗan Ƙofar Atiku da ke ƙasar a lokacin, ya zo duba ni, wanda ɗansa ke neman Bahijja 'yar Ashafa. Ashafa ya dubi surukin da yake kwaɗayi, ya ce ban taɓa yi ba. Ni ina kwance ina murmushi, ban san an tambaya ba, ban san an amsa ba. Bayan baƙon ya fita ma bai koma ya gyara maganarsa ba.

Sai da likitoci suka buɗe ni suka tarar gashin nan ya ƙandarar da naman wurin. Na yi rayuwata ina tsaga zuciyar shanu, na san naman da ya sha wuta ba ya riƙe zare. Suka yi iya yinsu suka rufe. Ɗinkin bai daɗe ba ya saki. Likitan zuciya na nan gida ya gaya mini, Sadiya na zaune, cewa da an faɗa musu da sun yi wani shiri daban, wataƙila su sauya ƙofar ɗungurungum. Yanzu jikina ba zai ɗauki tiyata ta biyu ba. Ajali na Allah ne, ban musa ba. Amma ƙarya ta Ashafa ce.

Ya zo neman gafara da carbi a hannu, na juya fuskata bango. Ban yafe ba. Na ajiye wannan shari'a sai mun tsaya gaban Wanda ba ya bukatar tafinta.

Na uku. Bahijja ba ta da laifi, kuma tana ɗakin mijinta da ɗa a goye, babu abin da zai taɓa ta. Saifullah, ka daina ɗauke kai in ta gaishe ka, wannan gabar ta ƙare yau. Ɗan marakin da ke turke na bar wa ɗanta. Ku gai da ubanta ranar Sallah, kada ku yanke zumunci ku ɗauki zunubi saboda ni. Amma kada ɗayanku ya sake tafiya da shi asibiti, ko da ƙaya ce ta soke shi.

Na huɗu, kuma wannan ne babba. Duk wanda ya zo ta'aziyya ya tambayi abin da ya same ni, kada ku ce gajeriyar rashin lafiya. Ku ce Jelani ya yi ciwon daji ya warke, aka ɓoye wa likita, aikin zuciyarsa ya lalace. Ba sai kun ambaci sunan kowa ba, duk Gawon Nama an san wanda ya raka ni. Ku ma duk likitan da kuka zauna gabansa, ku faɗa masa ubanku ya yi daji.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya ba ku masu jinƙanku. Ku ci a kwano ɗaya, ku riƙe uwarku, kada ku bar gidan nan ya watse. Ranakun zaman makoki kuma, ku shimfiɗa wa baffanku Ashafa tabarma mai kyau kusa da Bilyaminu, inda zai ji kowace amsa da kunnensa.