Kafin Ka Bi Likita

Yaya,

Ina gaishe ka da kyau. Ya ƙafar Inna? Ya Anti da yara? Ni lafiya lau, sai kewar gida.

Anti ta ce kana shirin ajiye aikinka na ma'aikatar ruwa ka bi Likita yaƙin neman kujerar gwamna.

Ban manta ba, Likita ne ya tsaya kan Baba a asibiti har ya miƙe. Amma kirki ba ya tsare akwatin zaɓe. Na kira ƙawayena biyar a ƙauyuka, ɗaya cewa ta yi, "Wane Likitan?" Cikin sauran 'yan takarar adawa, tsohon kwamishina ya fi shi jama'a, sai dai jiya-jiya tare suke ci da gwamna, wa zai yarda da shi? Mai motocin haya kuwa, ana raɗe-raɗin gwamnan ne ya tsayar da shi don ya raba ƙuri'a. Su uku kowa na jan nasa, mai kujera ya harɗe yana kallo.

Idan suka haɗu kan mutum ɗaya, wallahi ni zan fara cewa ka tafi. In ba haka ba, ka ba Likita ƙuri'arka, ka riƙe aikinka.

Ban so in faɗa ba, amma an rage mana aiki a masaƙa, kwana uku muke yi a mako. Zai wuce, kada Inna ta ji. Sai dai in kai ma ka zauna, ban san wanda zai riƙe gidan ba.

Allah ya yi maka jagora. Don Allah, kada ka sa hannu a takardar ajiye aikin nan sai mun yi magana.

Ƙanwarka