Gizo-gizon da Mama Ta Hana a Kashe

Asabar, 4 ga Nuwamba

Na iso garinmu Curicó da rana. Gidan yana nan yadda Mama ta bar shi da ta rasu wata biyar da suka wuce. Yayana Aníbal ya faɗa mini a waya, ba ɓoye-ɓoye: in ya zo a Janairu ya tarar gidan bai dace da tsoho mai shekara tamanin da ɗaya ba, zai kai Baba gidan kula da tsofaffi a Santiago. Baba kuwa ya ce gawarsa kaɗai za ta bar gidan nan. Na ɗauki hutun wata uku daga jarida. Aikina ɗaya ne: gida ya yi fes, Aníbal ya rasa abin faɗi.

Litinin, 6 ga Nuwamba

Shara tun safe. A saman bangon ɗakin Baba akwai gizo-gizo masu dogayen ƙafafu sirara, jiki ɗige-ɗige, waɗanda muke kira damisa. Tafiyarsu kamar ta mai ciwon gwiwa, kashe su ba wuya. Na ƙirga ashirin da uku, sannan na yi feshi.

Baba ya tsaya bakin ƙofa da sandarsa. "'Yar jarida, shekara hamsin uwarki ba ta taɓa ɗaga musu tsintsiya ba. Su ke tsaron gidan."

Na ce ai Mama har jan zare take ɗaura wa jarirai saboda kambun baka. Ya ce to, ni ce na yi karatu. Bai taɓa burodinsa ba a shayin yamma.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Zafi ya kankama, a nan yanzu bazara ke shigowa. Doña Uberlinda, maƙwabciyarmu kuma aminiyar Mama, ta kawo wa Baba fiya. Ta ɗaga kai ta bi kusurwoyin rufi da kallo, ta tambaya ina damisoshin Clorinda, wato Mama. Na faɗa mata. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kawai in riƙa kakkaɓe takalma.

Talata, 12 ga Disamba

Bayan hoton auren su Baba na ga wata farar yanar gizo, ba tsari, kamar an yagi auduga an manna. Kusa da ita saɓa uku, fanko. Ta rumfar inabi ba haka take ba: zagaye ce mai kyau, mai ita yana zaune a tsakiya kowa na ganinsa, kuma ba ya cutar da kowa. Mai wannan ba ya son a gan shi.

Alhamis, 14 ga Disamba

Na kama ɗaya. Ina ɗaga durowa ya sheƙa da gudu, na kife shi da kwalba. Na duba da gilashin da nake karanta ƙananan haruffa a ofis. Ruwan ƙasa ne, ba ɗigo ko ɗaya. Idanu shida, biyu-biyu. A gadon baya alama mai siffar goge, wuyan gogen yana kallon ciki.

Ɗan lungu ne, gizo-gizon nan mai mugun dafi. Kowace bazara sai na gyara labari a kansa, na haddace gargaɗin kamar addu'a: a janye gado daga bango, kada a rataye tufafi a ƙusa, a kakkaɓe kaya kafin a sa. Ba ya neman mutum. Sai an danne shi yake cizo.

Na janye gadon Baba kamu biyu. Na sauke baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci daga ƙusar bayan ƙofa.

Juma'a, 15 ga Disamba

Kwat ta koma ƙusa. Wai nan Mama take rataye masa ita.

Laraba, 27 ga Disamba

'Yan lungu tara ke nan na kama cikin sati biyu. Na karanta abin da masu bincike suka rubuta. Damisa tana tofa wa ɗan lungu wani yawu mai danƙo ta cinye shi, amma ba kullum take nasara ba, wani lokaci shi ke cinye ta. Ba za a dogara da ita ba, in ji su. Na ja layi a ƙarƙashin wannan. Sai kuma layi na gaba: feshin kanti ba ya isa cikin tsagar bango.

Wato na kashe masu yawo a fili, na bar masu ɓuya. Tsohon gidan ƙasa, tsaga ko'ina.

Na sake sauke kwat. Ta sake komawa.

Lahadi, 7 ga Janairu

Ƙarfe tara da kwata. Baba yana shirin coci, ina kicin. Na ji ya ce, "Ximena, zo ki gani," da muryar da ba ya kirana da ita. Kamar an ɗosana masa wutar sigari a dantse, in ji shi. Na juya hannun kwat ɗin. Ɗan lungu yana nan a murƙushe, alamar gogen ba ta ɓace ba.

Ruwa da sabulu, ƙanƙara, kwalba, asibiti. Likita ta fara duba kwalbar kafin ta duba hannun. Ta ce wurin zai yi muni, amma ba shi ne abin tsoro ba. Fitsari za mu sa wa ido kwana biyu. In ya yi duhu kamar shayi, dafin ya shiga jini, ƙoda ke nan. An ba shi gado.

Litinin, 8 ga Janairu

Fitsari garau. Zazzaɓi kaɗan. Wurin ya yi shuɗi da fari, faɗin tafin hannuna.

Talata, 9 ga Janairu

Garau har yanzu. Baba ya ce bai taɓa sanin zai haifi 'yar da za ta ɗaga fitsarinsa a hasken taga kamar mai sayen giya ba. Sannan ya rage murya: "Kada ki gaya wa yayanki."

Shekara ashirin ban taɓa yarda a cire gaskiya daga labari ba. Na kira Aníbal. Na faɗa masa duka, har da ashirin da ukun nan. Na zaci zai ce ai ga abin da yake faɗa. Sai ya ce:

"Ke, damisoshin Mama kika kashe?"

Shi da yake injiniya guda. 

Alhamis, 11 ga Janairu

An sallame mu. Tsakiyar ciwon ta yi baƙi, za a yi watanni ana wanki. Baba ba ya mini magana sai ta dole.

Lahadi, 21 ga Janairu

Aníbal ya zo da takardun gidan tsofaffi a jaka, na ga bakinsu. Ya zagaya ɗakuna. A ɗakin Baba ya tsaya, ya ɗaga kai. Damisoshi biyu suna kusurwar taga, ɗaya saman ƙofa, suna wannan tafiyar tasu ta masu ciwon gwiwa. Ya tambaya daga ina. Na ce gizo-gizo ai ba ya neman izinin shiga gida.

Ya zare ƙusar bayan ƙofa ya sa a aljihu. Baba bai yi musu ba. Aníbal ya ce zai sake zuwa a bikin Ista, a ga yadda hannun ya yi. Jakar ba a buɗe ta ba.

Sabuwar saɓar ɗan lungu ɗaya a bayan hoton aure yau da safe. Ban gaya wa kowa ba. Gobe zan toshe tsagar bangon.

In tuna in mayar wa Doña Uberlinda kwalaben da ta kawo mini damisoshi a ciki. Ta ce akwai wasu a rumbunta in biyar ɗin ba su isa ba.