Kada a Kankare Matar da ke Bayan Keken Sagiru

Zuwa ga Alhaji Shugaban masu Keke Napep na tasharmu, Funtua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan an yi girbi lafiya, ga kacici-kacici: wace ce take zuwa Bakori sau biyar a yini, alhali tana zaune a ɗakinta tana ɓarzar masara?

Ranka ya daɗe, ranar Litinin ka ba jikana Sagiru wa'adin Juma'a: ya kankare zanen matar da ke bayan kekensa, ko ya bar layi. A gaban jama'a ka kira ta uwar 'yan daba. To, saurara.

Na ɗaya, angon nan nawa a Ibadan aka haife shi. A can suna ce masa Bahaushe, da ya dawo gida kuma aka laƙaba masa Bayarabe. Shekara biyu yana yawo kamar kazar da aka sauya wa akurki.

Na biyu, a waya ya ga zanen wasu samari 'yan asalin Meziko da aka haifa a Amurka. Su ma kowane ɓangare tura su yake. Sai suke zana iyayensu mata a bango da jikin motoci, da furanni da ƙyalle ɗaure a goshi, don su tuna tushensu. Ya nuna mini, na ce ashe ciwon ba a kansa aka fara ba. Ya sayo fenti ya yi nasa. Tun ranar nan yake cin tuwo har da neman ƙari.

Na uku, na san matar. Ƙyallen goshin nan na ciwon kai ne. Ba ta taɓa riƙe makamin da ya wuce muciya ba, sai rezar da ta yanke maka cibiya, kana tsala ihu har maƙwabta suka leƙo.

Laifin zanen biyu ne kacal: ya manta tsagar kumatunta, ya kuma ƙara mata haƙoran da suka daɗe da yin ban kwana.

Roƙona, ka janye wa'adin nan, ka bar shi a layi. In hukunci ya zama dole, a sa shi ya ƙara tsagar. Haƙoran a bar su, ana so.

Allah ya ƙara girma, ya tsare direbobinka a hanya, ya ba ka jikan da zai zana ka da gashi.

Wassalam.

Mai zuwa Bakorin nan ni ce, Hajiya Dije ungozoma, kakar Sagiru.