Jallabiyar Sarzan

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga maigidana, wanda mutanen Filingue ke kira Sarzan, da muƙaminsa na soja. Gaisuwa mai yawa, da addu'ar da ba ta yankewa.

Na san takardar nan ba za ta iske ka ba. Ko da kana raye ma ba ka iya karanta ajamina, kai da baƙin Nasara ka koya a bariki, kana ce wa rubutuna sawun kaji. Amma na dawo daga Makka da wata magana, kuma kai ne mai ita. Wa zan fara gaya wa in ba kai ba?

Gida lafiya. Damina ta yi kyau, hatsin gonar gabas ya fi na bara. Babbanmu, ka san ba na kama sunansa, ya sake danga, matarsa ta haifi namiji. Sunanka aka sa masa, shi ma ke nan na rasa bakin kiransa. Tsohuwar goɗiyarka ta mutu. Abokanka tsofaffin soja suna nan gindin gawo ranar kasuwa, sai dai tabarmar ta fara yi musu yawa.

Ka tuna ranarka ta ƙarshe? Da hantsi ne. Ka ƙi hura, ka ƙi kunu. Muna zaune kanka, ni da Babba da liman Malam Isufu. Bakinka ya motsa, na sunkuya na kai kunne. Ka ce jalabi. Ka sake faɗa. Ɗan yatsanka yana zagaye bisa bargo, yana zagayawa, bai tsaya ba. Malam Isufu ya ce jallabiya kake nema, fara, ka hango lokacinka kana son ka sadu da Ubangijinka cikin farin tufa, yatsan nan kuwa naɗin rawani ne. Babba ya ruga kantin Balarabe, ya dawo yana haki da riga a hannu. Muka ɗaga ka, muka sa maka. Ka dubi rigar, ka dube ni, sai ka yi ta dariya marar sauti har hawaye ya gangaro maka. Daga baya ka shafa hannun rigar, ka ce alhamdu lillahi. Da la'asar ka cika.

Ba sai na tuna maka abin da ake faɗa a kanku ba, ku da Faransa ta kwasa zuwa ƙetaren teku. Ana cewa kun ci abincin Nasara, ba a san yadda kuka yi da salla cikin jirgi ba. Babba da wannan maganar ya girma, ya sha dambe saboda ita. To, daga ranar nan bakin mutane ya juya. Duk zaman makoki sai Malam Isufu ya kawo labarinka, ya ce a dubi Sarzan da ake raina wa addini, shi ne ya nemi farin tufa da bakinsa. Sai ya nuna inda mata ke zaune ya ce ga matarsa nan, a gabanta aka yi. Ni kuwa in ɗaga kai, don haka na yarda a lokacin. Dariyar ce kaɗai ban sami inda zan ajiye ta ba. Me ya ba ka dariya a irin wannan wuri?

Bana Allah ya kira ni. Na tafi tare da ƙanena Mamman, mota har ƙasar Sudan, sannan jirgin ruwa. Na yi maka ɗawafi, na kama sunanka a Arfa, can inda babu mai jina sai Allah.

Bayan mun gama aikin hajji, uwar masaukinmu, wata Hajiya Umma mutuniyar Damagaram da ta daɗe zaune a Makka, ta raka ni kasuwa sayen tsaraba. A wani ƙunƙuntaccen lungu muka tarar da mutane sun yi cincirindo gaban wata rumfa, fari da baƙi, kowa na miƙa hannu. Hajiya Umma ta ce rumfar wani Ba'indiye ce, duk wanda ya biyo lungun nan sai ya tsaya. Ka san ni da cin abinci a kan hanya. Na ce mu wuce. Sai wani ya kauce daga gabana, na hango mutumin.

Tsoho ne, gemunsa ja da lalle, yana zaune gaban wani faffaɗan kasko cike da mai. A hannunsa akwai ƙyalle ƙulle da ƙullu, an huda gindinsa. Yana matsawa, ƙullun na zubowa siriri cikin mai, hannun nasa yana zagaye, yana zagayawa, bai tsaya ba. Maigida, na tsaya cak. Na san zagayen nan. Sai kunnena ya kama kalmar da masu saye ke ta kira. Na tambayi Hajiya Umma me suke cewa, ta ce sunan abin ne, jalebi. Na ce ta sake faɗa. Na ce ashe ba riga ba ce? Ta yi dariya, ta ce wace riga ake soyawa.

Kafin in sa a baki sai da na sa ta tambaye shi da wane mai yake suya, kuma tsamin da nake ji a ƙullun na mene ne. Ya ce man shanu ne, ƙullun kuwa garin alkama ne da ya kwana, kamar yadda ƙullun masa ke kwana. Na koma bayan rumfar na zauna, na ja mayafi, na yi bisimilla.

Yaya zan kwatanta maka abin da ka riga ni sani? Dangin alkaki ne, amma siriri, launinsa kamar rana in za ta faɗi. Yana fitowa daga mai ake tsoma shi cikin ruwan sukari. Da na ciza ya yi ƙurus, sai zaƙin mai ɗumi ya tsiyayo daga cikinsa, da ɗan tsami can ƙasa wanda ke hana shi gundurar mutum. A nan na tuna wata salla, ba ka daɗe da dawowa daga Madagaskar ba, kana cin alkakin da na yi. Ka ce akwai wani Ba'indiye a bakin tashar jirgin ruwa da ke soya yayan wannan, ranar hutu can kuke zuwa. Ina tsakiyar rabon tuwo, ban tsaya na tambayi sunan abin ba. Na ɗauka cikin labaran soja ne.

Na yi kuka da sukari a yatsuna. Tsohon ya zaci ƙuna na yi, ya miƙo mini ruwa. Ya ƙara mini da wasu dunƙulallu kamar ƙosai da aka jiƙa cikin ruwan sukari mai ƙamshin fure. Waɗannan sun fi ƙarfina. Naka ya fi.

Ashe zaƙi kake marmari. Ka kwana da yawa bakinka na ɗaci, ka tuna abu mafi daɗi da ka taɓa ci a duniya, ka roƙa. Da na gane, ai ko alkaki da na yi maka kafin azahar. Akwai alkama a ɗaki, akwai zuma.

Duk tsawon hanyar dawowa abu guda nake juyawa. In na yi shiru, na zama mai shaida a kan abin da na san ba haka yake ba, ni da na fito daga Arfa. In na yi magana, na tuɓe maka rigar nan a gaban gari, na tuɓe wa Babba ita. Ranar da muka sauka, mutane suka cika gida barka da zuwa, Malam Isufu ya sake kawo labarin, ya juyo wajena. Na sunkuyar da kai na ce Allah ya jiƙan ka. Ban ɗaga kai ba, ban kuma girgiza ba. Na san ba zan iya daɗewa a haka ba.

Wata Juma'a da safe na kira Babba madafa. Ya zo yana mamaki, rabonsa da shiga nan tun yana yaro. Na kwanar da ƙullu, na huda ƙyalle, na ɗora kasko. Na bar hannuna ya zagaya bisa mai. Shi ne ke riƙe da kanka ran nan, ya ga yatsan kamar yadda na gani. Da na ga idonsa ya tsaya kan hannuna, sai na faɗi sunan abin. Ya nemi turmi ya zauna. Ya ƙura wa kaskon ido. Can sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Dariyarka ce sak, marar sauti, da hawayenta.

Da ya natsu ya yi mini tambayar da ni ma na taho da ita tun daga Jidda. Maigida, me ya hana ka gyara mana? Muryar da ta iya cewa alhamdu lillahi za ta iya cewa ba wannan ba. Ni ga abin da na gani, in na yi kuskure Allah ya yafe mini. Ka dubi yaron yana haki, ka dube ni ina gyara maka wuyan riga, ka ga mun sami abin da za mu yi maka, sai ka bar mana shi. Haka ne, ko ba haka ba? Ban taɓa gaya maka ba, amma tun ina amarya na lura da halin nan naka. Miya ta yi gishiri ka cinye, ka ce yunwa kake ji.

Tare muka je wurin Malam Isufu da akushi. Ya saurara, ya ci ɗaya, ya ce Allah ne masani. Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Tun daga nan bai sake kawo labarinka wurin makoki ba. Akwai masu murmushi in Babba ya wuce, ba zan ɓoye maka ba. Amma ya ce shi yanzu ya fi sanin ubansa, kuma ban ga ya sunkuyar da kai ba.

Na aika wa na gindin gawo rabonsu. Abokinka Kailu, wanda kuka yi Madagaskar tare, ya biyo akushin har gida. Ya ce shi tun ranar da aka ba shi labarin ya gane, ya kama bakinsa don ya ga rigar ta karɓe ka. Ya kuma ce nawa ya yi kauri, na Ba'indiyen ya fi siranta. Gaskiyarsa. Har yanzu hannuna bai faɗa ba, wani ya tsinke, wani ya dunƙule.

Duk da haka kowace Juma'a ina soyawa, in raba sadaka da niyyar ladan ya iske ka. Ƴan unguwa sun ba shi suna, ban san wa ya fara ba. Jallabiyar Sarzan suke ce masa. Na bar su, wannan sunan babu ƙarya cikinsa.

Ga abin da ka roƙa, maigida. Na kawo shi a makare. Allah ya haskaka makwancinka, ya shayar da kai abin da ya fi shi zaƙi, ya sada mu cikin rahamarsa.

Ni ce matarka, uwar ɗiyanka,
Rabi