Rijiyar da Ka Rufe

Zuwa ga yayana, Dakta Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a ƙasar Turawan da ka koma, na rubuto wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa ne inda kowa zai gani, tunda wayata ba ta isa ka ɗaga ba.

Baffa zai buɗe rijiyar tsakar gida ranar Asabar. Famfo ya ɗauke tun kafin azumi, 'yan garuwa sun daina shigowa lungunmu, shi kuma ya leƙa ta gefen murfi ya ga ruwa garau. Shi ke nan, wai guba ta kwanta.

Ka tuna yadda ka rufe ta? Ka ɗebo ruwan, ka zuba a kwalbar nan mai kama da gora a kife, ka ƙara wani sinadari mai warin kananzir. Ka girgiza, ka ajiye. Na ce ina abin yake? Ka ce, "Auwalu, jira su rabu." Suka rabu gida biyu, na sama ya rine. Ka ce gubar jima ce daga majemar bayan gidanmu, ta baro ruwan ta shiga sinadarin. Baffa da kansa ya kira magini ya yi mata murfi.

Aikinka ke nan a jami'a: janyo abu daga cikin ruwan da ya ɓuya. A kasuwar Kurmi ana maka dariya, wai Dakta ne amma ba ya allura. Ni na yi dambe a kanka, har yau haƙorina guntu ne. Da ka gaji da ɗakin gwajin da ba wuta ba kayan aiki, ka bar ƙasar, ban ga laifinka ba. Shirun da ka yi ne ya ƙone min rai.

Littattafan da ka bari na bi su da ƙamus, layi-layi, a ɗakinka, ni kaɗai. Ba wanda zan tambaya. Na gane dai wannan gubar ba ta ruɓewa, kuma ido ba ya ganinta. Na faɗa wa Baffa. Ya ce yaushe wanda ko sakandare bai gama ba ya zama likitan rijiya? Ka san bakina. Na mayar masa da magana, yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa.

Maganata gaskiya ce, Yaya, amma ba Dakta a gaban sunana. Kai kake da shi. Kira ɗaya za ka yi masa. Ba sai ka tambayi lafiyata ba.

Umma ba ta shiga maganar. Ta ce in kana aiki kada a dame ka. Har yanzu tana goge kwalbar nan, ta jera ta cikin kwanukan adon ɗakinta. Ita ce fa za ta fara dafa tuwo da ruwan, jikokinta, 'ya'yan Anti Bilki, su sha.

Kullum kana cewa ba ni da haƙurin jira. To na jira. Abin da ya rabu kawai ni da kai ne.

Allah Ya tsare ka, Ya sa albarka a bincikenka, Ya karkato da zuciyarka gida. In ba ka kira ba, Asabar da safe zan zauna a kan murfin nan. Sai dai magini ya ɗaga da ni.

Ƙaninka mai bakin nan,
Auwalu, Yakasai