Gam Ɗin Fiffiken Jirgi

Baban Ihsan,

Na tafi kasuwar Hawandawaki, ban so in tashe ka ba.

Jiya da fiffiken jirginka mai rimot ya ɓalle gaban 'yan lekol, yaran makarantar nan, na ga ranka ya ɓaci. Laifin gam mai saurin kamawa ne: yana bushewa kamar gilas, da jirgin ya girgiza sai ya tsage. Don gwaji, na manna wasu guntayen roba da wancan gam mai tubu biyu da ake gaurayawa. Da safen nan na ja su iya ƙarfina, ba su rabu ba.

Kankare wurin da fiffiken ya ɓalle, ka shafa mai tubu biyun, ka bari ya kwana. Ka gaya wa yaran su dawo Asabar, wannan karon lafiya zai sauka.

Zara'u